Tururuwa a Ludayi

Haihuwar fari a gida ake yin ta, shi ya sa da cikina ya tsufa mijina ya ɗauko ni daga Kankiya ya kai ni ƙauyenmu, can bayan Kusada. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara zubowa, har ƙaramin ma'aikaci irinsa ya sayi babur. Ni ce 'yar farin Inna, ko sunana ba ta faɗa, balle ta yi mini jego. Sai aka damƙa ni a hannun Gwaggo, yayar babana, macen da ban taɓa jin ta ce wa wani sannu ba.

Na haifi namiji. Yadda Inna take yi da ni, haka aka ce in yi da shi: ba ɗauka a gaban mutane, ba kallo, ba tambayar lafiyarsa. Ɗan fari ne, kunyarsa ake ji. Ta wutsiyar ido na san yana da gashi har goshi.

Wanka kuwa safe da yamma. A tafasa ruwa a babbar tukunya, Gwaggo ta tsoma ganyen darbejiya ta rinƙa fyaɗa mini a baya da ciki har fata ta saɓule. In na yi ƙara ta ce, "Raguwa, sanyi kike so ya kashe ki?" Daga nan kunun kanwa cike da ƙwarya, sai kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Duk wannan na yafe mata. Kowace mace a garinmu da irin tabon nan take yawo.

Abin da ban yafe ba shi ne tururuwa. Kafin a ba jariri nonon uwarsa sai an gwada. Gwaggo ta tatsi nonona a ludayi, lokacin yana nan da kauri, rawaya-rawaya, ta kamo tururuwa a gindin bango ta jefa ciki. In ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, da dafi. Tawa ta ɗan motsa ƙafa, ta maƙale, shi ke nan.

"Ba za shi sha wannan ba," in ji Gwaggo. "Mugun nono gare ki, ɗiyar nan."

Da ruwa da nonon akuya aka riƙe shi har kwana bakwai. Ranar suna mijina ya zo da ƙauri da goro, da madarar gwangwani da kwalba mai kan roba, yana ta washe baki, wai abin da matan manya suke ba 'ya'yansu ke nan a Katsina. Gwaggo ke damawa da ruwan randa, tsararo, don kada gwangwanin ya yi saurin ƙarewa. Kwalbar tana rataye a ƙusa, ƙudaje sun mai da ita gida. Ni kuma ƙirjina ya cika ya yi tauri, zanina kullum a jiƙe, ina tatsewa ina zubarwa a bayan ɗaki.

Zawo ya kama yaron. Maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Gwaggo ta kwaɓa magani ta manna masa a ka. Ina ji, ina gani, bakina a ɗinke, don duk wadda ta tambayi ɗan fari ta zama abin labari a bakin rijiya.

Wata rana da hantsi ta fita ɗebo itacen wanka. Na miƙa hannu na ɗauki yaron. Ba nauyi ko kaɗan. Na sa masa nono, ya lalubo ya kama, yana ja yana hutawa, ɗan hannunsa a kan ƙirjina. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Sai inuwa ta rufe ƙofa.

Gwaggo ba ta dake ni ba. Fizge shi ta yi, ta fita tsakar gida ta kira matan gidan. "Ku zo ku ga marar kunya. Ta ba shi dahi da hannunta. Komi ya same shi, kun dai gani." Inna tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba.

Bai kai ƙarshen makon ba. Maza suka ɗauke shi a 'yar tabarma. Ba a kukan ɗan fari, ban kuwa yi ba, har ana yaba mini cewa na fara hankali. Masu zuwa gaisuwa kowa ya riga ya ji abin da ya kashe shi. Mijina ma da ya zo, daga zaure ya juya. Da yamma aka ɗora tukunya kamar kullum, don wanka sai ya cika arba'in ko da ɗa ko babu.

Ana gab da gamawa nonon bai ƙafe ba, sai dai ya tsinke ya yi fari. Gwaggo ta sake kawo ludayinta, ta tatsa, ta jefa tururuwa. Wannan ta yi iyo, ta kama gefe, ta hau.

"To, ya gyaru," ta ce, tana watsar da nonon. "Na gaba ya sha."

Tururuwar ta bi gindin bango ta tafi abinta. Na bi ta da ido har ta shige rami, nono yana ɗiga a zanina.