Na Duba, Ba Ya Nan

A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Tsiga, ba a fara tatsuniya sai an cire auduga. Da damina gajiya ke kwashe kowa tun tuwo bai huce ba. Amma in sanyi ya shigo, aka tara auduga a ɗaki ana jiran ranar kai ta kasuwa, sai Kaka Tabawa, mahaifiyar Babanmu, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Doka ɗaya ce a gidan da ko Baba bai isa ya taka ba: ba a kusantar ɗakin auduga da wuta, ko da aci-balbal ce. Shi ya sa Kaka ke hura tata can ƙarshen tsakar gida.

Shekarata tara lokacin, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ƙanena Tanko bai cika huɗu ba, ga shi da ƙiriniya kamar ɗan akuya. Wata ranar Talata da magariba Inna ta kwashe tuwo, aka nemi Tanko aka rasa. Baba ya nufi rijiya, Inna ta shiga maƙwabta, tana fita ta ce mini, "Lami, ruga ki duba ɗakin auduga."

Ni kuwa ba abin da na tsana kamar ɗakin nan. Ga duhu, ga ɓeraye, ga shi ba halin riƙe fitila. Na ɗaga asabari, na wurga ido daga wannan bango zuwa wancan, na ga tulin auduga fari fat har kusa da jinka. Na kira sunansa sau ɗaya, ban ma jira amsa ba na dawo da gudu.

"Na duba, ba ya nan," na ce.

Da wannan maganar tawa aka cire ɗakin daga lissafin wuraren nema. Maƙwabtanmu Maguzawa suka fito da karnuka da kwari da baka, don a makon nan kura ta ɗauke musu tunkiya. Maza suka bazu cikin gonaki, suka nufi rafi. Muna jin muryar Inna tana nisa tana kiran Tanko, har ta fara dushewa.

Kaka ta tara mu yara a bakin wuta don kada a nemi wani kuma a rasa. Ba wanda ya taɓa tuwo. Ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan tafe gare ku." Da ƙyar muka amsa mata cewa ta iso mu ji. Na yi mamakin yadda za ta iya tatsuniya a irin wannan hali, har na ji haushinta.

Ta ce a wani gari an yi wata da ƙanwarta, Hange da Lalube. Hange idonta na ganin tafiyar yini guda, Lalube kuwa ko tafin hannunta sai ta kai kusa da hanci take gani. Ana gab da shuka, Dodo ya zo ya sace ƙwaryar irin dawa ta garin duka. Mutane suka ce Hange ta hau rimi ta dubo. Ta hau, ta waiga gabas, ta waiga yamma, ta sauko ta ce babu. Gari ya ɗauki kuka, don ba iri, ba shuka, sai yunwa. Lalube kuwa ta durƙusa a gindin rimin nan da yayarta ta hau, ta fara bin saiwa da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Nan Kaka ta tsaya. Ta tura kara cikin wuta, ta ɗago kai, ba ta kalli kowa ba sai ni.

"Ita Hange ba ƙarya ta yi ba," ta ce. "Ta duba. Sai dai idonta wucewa ya yi, bai tsaya ba. Lami, ke da kika je, tsayawa kika yi ko wucewa?"

Na buɗe baki, hawaye suka riga magana fita.

"Kaka, a ƙofa na tsaya. Ban shiga ba."

Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta tashi da sauri irin na ranar ba. Ta fizgi hannuna. Wani ɗan baffanmu ya zaro kara mai wuta zai biyo mu, ta daka masa tsawa: "Ajiye! So kake ka ƙone shi da ransa?"

Muka shiga cikin duhu, auduga har gwiwata. Kaka ta ce, "Ki bar ido, ba shi da aiki a nan. Sa hannu. Fara daga bango, taki ɗaya, ki nutsa hannu har kafaɗa, sannan ki matsa." Na bi yadda ta ce. Taki ɗaya, babu. Na biyu, babu. Ina jin numfashin Kaka a ɗaya gefen, tana ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Can kusa da lungu yatsuna suka taɓa wani abu mai ɗumi. Diddige ne.

Ashe rami ya haƙa a cikin tulin yana wasa, barci ya ɗauke shi, audugar ta rufto masa. Muka jawo shi waje, jikinsa sharkaf da gumi, wuyansa ya saki. Kaka ta sa yatsa ta zaƙulo auduga daga bakinsa da hancinsa, ta kifa shi a cinya tana bubbuga bayansa. Shiru. Ta sake. Sai ya yi wani tari, ya ja iska da ƙarfi, ya tsala kuka. Duk tsawon rayuwata ban ji abin da ya kai kukan nan daɗi ba.

Da Baba ya dawo yana tambayar yadda aka yi, Kaka ta ce, "Ni da Lami muka sake dubawa, ita ta same shi." Ta harari sauran yaran, kowa ya kama bakinsa.

Kwanakin baya na raka 'yata asibiti a Funtua za a yi mata hoton ciki, wanda suke ce wa sikanin. Na ga ma'aikaciyar tana bin cikin da na'urarta a hankali, ta je ta dawo, ba ta tsallake ko'ina. Jikata mai karatun boko ta ce wai a Turanci da wannan kalmar ake faɗin irin wannan bi-a-hankali, da ita kuma ake faɗin wurga ido a kan takarda. Na ce mata su suka sani, ni dai na taɓa yin duka biyun a ɗaki ɗaya, kuma na san tazarar da ke tsakaninsu.

Kaka ba ta taɓa ƙarasa tatsuniyar ba. Da na girma na tambaye ta abin da ya sami Hange, sai ta yi dariya ta ce, "Tana nan lafiya, ta koyi sa hannu."

Tanko yanzu ya yi furfura, yana noma a Malumfashi, kuma har yau in sanyi ya shigo ƙirjinsa na yin kuka. Duk kaka sai ya aiko mini da buhun dawa, yana gaya wa jikokinsa cewa Yaya Lami ce ta tsamo shi daga mutuwa. Ina karɓa, ina sa masa albarka. Shekara sittin ke nan, ban iya gaya masa cewa ni ce kuma na fara barinsa a ciki ba.