Bajamushen da ke Zagin Lawwali

Lawwali ɗan dillalin albasa ne a Illela, amma bai gaji ɗaukar buhu ba, surutun kawai ya gada. Shi ya buɗe shafin intanet inda yake sa farashin albasa da na awaki kowace Lahadi, da sanarwar aure da ta rasuwa. Mutanen gari har da na Ƙonni ta Nijar sukan shiga su yi sharhi. Shafin nan shi ne gonarsa. Saboda shi ake kiransa Admin a kasuwa, shi kuwa yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba.

Sai wani ya fara zaginsa a shafin, kullum da sabon suna. In ya rubuta cewa albasa ta tashi, sai a amsa, "Ƙarya kaka yi, mai kunnen jaki." Abin ya ci masa rai, don gaskiya kunnuwan nasa ba ƙanana ba ne.

Ya bincika adireshin da saƙon ke fitowa, ya ga Jamus. Nan fa ya shiga gaya wa kowa sunansa ya kai Turai, har maƙiya ya yi a can. Bai taɓa tambayar kansa inda Bajamushe ya koyi Sakkwatanci ba. Wata Asabar ya toshe adireshin.

Lahadi ta zo, shafi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya nufi rumfar Bashar mai gyaran waya, ya tarar ana ta ƙorafin shafi ya ƙi buɗuwa.

"Wa kat toshe?" in ji Bashar.

"Wani ɗan Jamus."

"To garinga duka 'yan Jamus na. Manhajar shiga intanet kyauta da nis sa ma kowa, ta can taka biyowa. Adireshi guda munka tara. Ka kori liman, ka kori mahauta, ka kori surukinka."

Lawwali ya koma gida, ya duba shafin. Sharhi ɗaya ne tak, ya shigo ta layin wayar Nijar. Duk Illela mai zagin ne kaɗai ya damu har ya sayi data don ya shigo.

"Admin, ina mutane sunka tahi? Zagi bai da daɗi in babu mai gani."

Lawwali ya ji daɗin saƙon nan, ya kuma ji kunyar jin daɗin. Ya cire toshiyar. Har yau ana zaginsa, amma a gaban jama'a.