Mukhtaru na Hindawiyya a Kan Chappal Waddi

Mukhtaru mai gyaran takalma ne a unguwar Hindawiyya ta Makka, shagonsa bai fi ɗakin ajiye kaya girma ba. A Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakarsa ce ta zo aikin hajji daga ƙasar Kano ta zauna, a bakinta kuma ya tsinci Hausar da yake yi. Tun yana ƙarami an san shi da tambaya. Matarsa Khadijatu takan ce ko gyaɗa aka ba shi sai ya ji a gonar wa aka tono ta.

Yana da shekara hamsin da huɗu wani malamin makaranta mai suna Bandar ya kawo masa wani takalmi mai nauyi kamar turmi, ƙasansa ya ɓare. Mukhtaru ya juya shi, ya ga jar laka ta bushe a tsakanin haƙoransa.

"Ya Ustaz, wannan ba ƙasar Hijaz ba ce. Ina ka shiga da shi?"

Bandar ya ce shi da abokansa hawan duwatsu suke yi a lokacin hutu, bara ma a Uganda suka yi. Ya nuna masa hotuna a waya: dutse lulluɓe da daji, ruwa na zuba ta ko'ina. Mukhtaru ya ajiye basilla. Duwatsun da ya sani baƙaƙe ne, tsirara, da rana ko tafin hannu ba ka iya ɗora musu. Aikin kwana biyu sai da ya kai mako, don kullum Bandar ya leƙo sai ya tarar da sabuwar tambaya. In gajimare ya sauko kan mutum, jiƙa shi yake yi? Wa ya fara fitar da hanyar? Me ake samu a can saman?

"Babu komai, ya Ammu," in ji Bandar, don haka yake kiransa, wato baffa. "Tsayawa ake yi a duba, a sauko."

Wannan amsa ce ta fi damunsa.

Bayan wata shida Bandar ya zo da magana. Za su je Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, can jihar Taraba kan iyakar Kamaru, kuma cikinsu babu mai jin Hausa, shi ya sa suke so ya raka su. Khadijatu da ta ji sai ta tafa hannu, ta dubi mijinta.

"Abu Sami, kai da matakalar gidan nan take sa ka haki?"

Bai yi musu ba. Kowace Juma'a bayan asuba sai ya nufi Jabal Saur, dutsen nan mai kogo a samansa, da jaka cike da gorunan ruwa. Ranar farko a rabin hanya ya zauna, wasu tsofaffin alhazan Indonesiya suka wuce shi suna masa sannu da hannu. Da aka yi wata huɗu yana kai wa kogon ya sauko kafin rana ta yi zafi.

Su biyar suka tashi. Daga Abuja suka yi kwana biyu a mota, hanya tana ta nannaɗewa har tudun Mambila, sannan babura suka kai su ƙauyen ƙarshe. A nan suka haɗu da jagoransu, wani Bafulatani siriri mai suna Bobbo, da 'yan dako shida. Mukhtaru ya gyara murya ya yi aikin da ya kawo shi.

"Sayyara ta tsaya a baya, jawwal kuma babu shabaka. Bukura da safe za mu tashi?"

Bobbo ya dube shi, ya dubi mutanensa.

"Alhaji, Hausar wane gari ce wannan?"

Aka yi dariya har da shi. Kafin yamma ya koyi faɗin mota, waya, gobe a madadin kalmominsa na Larabci.

Tafiyar ta yi musu wuya. Ciyawa ta kai ƙugu, ƙoramu kuwa sanyinsu har cikin ƙashi. Mukhtaru ne kullum a baya, ba don gajiya kaɗai ba. Ya tsaya ya taɓa gansakuka a jikin itace, ya tsaya ya saurari birai suna kuka a kwari, matsattsaku ya kama masa ƙwauri ya ce a dakata ya gani tukuna kafin a cire. Bobbo ya gaji ya ce, "Alhaji, in kowane ganye sai ka gaisa da shi, damina za ta same mu a nan."

Rana ta biyu da azahar suka tsaya salla a wani fili, gajimare ya rufe ko'ina. 'Yan dakon suka ja da baya, suka ce ga mutumin Makka, wa zai shiga gabansa? Mukhtaru ya shimfiɗa mayafinsa, sai ya tsaya cak. Duk rayuwarsa bai taɓa neman alƙibla ba. Daga ƙofar shagonsa ana hango hasumiyar agogo ta Harami. Ya waiga dama, ya waiga hagu, fari fat.

"Malam Bobbo," ya ce a hankali, "ina Makka take?"

Bobbo ya kama kafaɗunsa ya juya shi, ba tare da ko ɗaga kai ba.

"Ga garinku can."

Bayan sallama tambaya ta juyo kansa. Da gaske ne daga gidansa da ƙafa yake zuwa Ka'aba? Ana yin ruwa a Makka? Akwai shanu? Wani dattijo cikin 'yan dakon ya ce shekara ashirin yana kallon gabas yana so ya san kalar ƙasar wurin. Mukhtaru ya ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, har Bandar ya zo ya ce a tashi.

Washegari da hantsi suka kai ƙololuwa. Iska tana kaɗawa, ba a ganin abin da ya wuce taku goma. Abokan Bandar suka ɓata rai. Mukhtaru kuwa ya miƙa hannu cikin farin, ya dawo da shi a jiƙe, ya shafa a fuska. Suna shirin juyawa gajimaren ya tsage na ɗan lokaci, tuddai kore shar suka bayyana jere har inda ido ya ƙare. Bobbo ya nuna da sanda ya ce wancan gefen Kamaru ne. Mukhtaru ya tambaye shi su wa ke zaune a can, kuma da wane harshe suke magana.

A gangara gwiwarsa ta hagu ta kumbura, da sanda biyu ya ƙarasa ƙauyen. Likita a Makka ya ce hawan dutse ya ƙare masa. Ya karɓi maganar ba gardama, ya koma kan kujerarsa.

Da aikin hajjin bana wani alhaji ya shigo da silifa a tsinke, ya ce daga Jalingo yake. Mukhtaru ya yi farat ya tambaye shi labarin Chappal Waddi.

"Wane ne haka?" in ji alhajin.

Mukhtaru ya jawo masa kujera, ya aika a kawo shayi.

"Zauna, ya Hajji. Ba mutum ba ne, dutse ne, kuma a jiharku yake."