Kawu Cleophus, Mai Dukan 'Yan Uwansa

Kawuna Cleophus Tatum faci ya yi wa tayoyin garinmu na jihar Mississippi ta Amurka har ƙarfinsa ya ƙare, amma tsofaffi ba da faci suka san shi ba, da mari suka san shi. A shekarar 1963 matasan cocinmu suka shirya zuwa su zauna a gidan abincin da aka hana baƙar fata shiga, don nuna ba su yarda da wariyar ba. Kafin su je sai da aka horar da su a ɗakin ƙasa na coci yadda za su sha duka ba su rama ba, kuma dole wani ya fito a matsayin Bature. Kawu shekararsa sha tara, ƙato ne, ga baki, sai aka ba shi aikin.

Ya kuwa yi shi tsakani da Allah. Yakan tofa wa abokinsa yawu a fuska, ya zazzage masa gishiri a ka, ya kira uwarsa da sunan da ba zan rubuta ba. Ya taɓa fizgo ɗan fasto daga kujera har haƙorinsa ya fita. Duk wanda ya dunƙule hannu, an cire shi daga tafiyar. Da Kawu ya ga hannu ne ke cin amanar mutane, sai ya kawo dabararsa: kowa ya zauna a kan hannuwansa, ya danne su da cinya, komai za a yi masa.

Wadda ta fi kowa riƙe darasin ita ce Verlene Pettway, 'yar shekara sha bakwai mai waƙa a coci. Ranar da suka shiga gidan abincin, wani mahauci farar fata ya ɗauki kwalbar sukari, irin mai kaurin nan, ya tsaya a gabanta ya ɗaga. Kowa ya ga ta ga kwalbar. Da ta kare da hannu, da ƙila yatsa ne zai karye. Ba ta kare ba. Sau biyu ya buga mata, a na biyun kwalbar ta fashe, idonta na hagu ya tsiyaye a kan tebur cikin sukari. Kawu yana waje, don an ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ta tagar gilashi ya kalla.

Shekara sittin bai ƙara yi mata magana ba. Garin namu titi huɗu ne kacal, amma ya iya kauce mata kamar da wannan aka haife shi. Ya sauya coci. In ya hango sandarta sai ya tsallaka titi da gurguwar gwiwarsa. Ni abin haushi yake ba ni, domin na san ba abin da yake so a duniya kamar ya tsaya a gabanta, kuma na san tsoro ne zai kai shi kabari bai tsaya ba.

Da za a rushe gidan abincin, mu mata biyar muka kwaso teburin da kujerun, muka buɗe gidan tarihi a tsohon shagon aski. Bana muka shirya a nuna wa ɗalibai yadda ake horon. Na janyo Kawu da ƙyar, ban kuma gaya masa na gayyaci Verlene ba. Ban yi nadama ba.

Da la'asar ɗakin ya cika. Kawu yana tsaye cikin kwat ɗinsa ta Lahadi yana ta kame-kame, sai ga Verlene ta ratsa mutane, ta jingine sanda, ta hau kujerar nan dai, ta danne hannuwanta.

"To, Cleophus, zo ka nuna musu," in ji ta. "Ko hannun ya mutu ne?"

Ya ce mata don Allah ta yi haƙuri. Ta kira shi rago, ta kira shi tsohon banza, ta ce ya matso in namiji ne. Ya matso. Ya maida hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai. Sai ta zaro hannun dama ta wanka masa mari, tabaransa ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur. Kafin ya miƙe ta ƙara masa. Leɓensa ya fashe, jini ya sauka a farar rigarsa. Wata malama ta yunƙura za ta shiga tsakani, na riƙe ta.

"Na farkon na mahaucin ne, ya mutu ban samu na ba shi ba," in ji Verlene tana haki. "Na biyun naka ne. Ba don idon ba, idon ni na kai shi da ƙafata. Don ka bar ni ni kaɗai da ciwonsa shekara sittin."

Kawu ya fashe da kuka a gaban 'ya'yan mutane, ko jinin bai goge ba. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta lalubi sandarta ta sauko, ta ce hannunta na zogi, ya raka ta gida.

"Tsaya ta hagu," ta ce, "wajen da ba na gani."

Ya zagaya ya tsaya.