Mai-fanka, Har Yau Ba Mu Gaya wa Baba Ba

Allah ne Ya ba mu ke, Shi ne kuma Ya karɓi abinsa. Da hantsin Talata, 11 ga Maris, wata nas ta kira ni daga asibiti ta ce kin yanke jiki kin faɗi a ofis, rai ya yi halinsa. Sai da na sa ta maimaita. Mu da muka daɗe muna shirin rashin Baba, sai ga shi kin riga shi, ke da ko mura ban taɓa jin kin yi ba. Har yanzu kaina a ɗaure yake.

Ranar da likita ya tura mu wurinki, na ɗauka ya gaji da mu ne. Ciwon daji ya ci huhun mutum, numfashi na sarƙe masa, a ce mu je wurin mai kwantar da hankali? Kika ce magani na wurin likita, ke da tsoro kike aiki: numfashi ya sarƙe, tsoro ya taso, tsoron ya ƙara shaƙe shi.

Mu kika fara gyarawa. Idan abin ya taso mukan rufu a kansa, Inna na kuka, yayana na ta ihun ya ja iska. Kika kore mu gefe, kika buɗe taga, kika sa ya ɗan duƙa gaba, kika miƙa masa ƙaramar fanka ya saita fuskarsa. Kika ce ya daina kokawar shaƙa, ya riƙa fitarwa a hankali kamar mai hura shayi. Tun ranar ya laƙaba miki Mai-fanka. Ke kaɗai ya iya gaya wa yana tsoron mutuwa a shaƙe, ba ki kuma rufe masa baki da "ba komai" ba.

Yanzu ga inda muke. Yayana ya ce a ɓoye masa, labarin zai tayar da abin, wataƙila ya tafi da shi. Inna ta ce bai dace a yi wa tsoho ƙarya ba. Ni na rasa bayan wa zan bi, kuma wadda zan tambaya ke ce. Mun ce masa kin yi tafiya.

Jiya na shiga ɗakinsa da niyyar faɗa. Kafin in buɗe baki numfashin ya sarƙe. Da kansa ya lalubo fankar, ya duƙa, ya yi ta hurawa har ya lafa, ni ina zaune kawai. Ya share zufa, ya yi murmushi.

"'Yar nan, idan Mai-fanka ta dawo ki gaya mata yau ni kaɗai na yi. Za ta ji daɗi."

Na ce to.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki kabari yadda kika yalwata ƙirjin mahaifinmu. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da abokan aikinki, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma Ya ba mu bakin da za mu gaya masa.