Ranar da Inna Ta Tafi Neman Masu Gida

Wata Asabar ce a watan Agustan 2014, ina 'yar shekara goma, na tsinci kaina a tsakiyar falon wani tsohon gida a gaɓar tekun Long Island, hannuna na dama a buɗe babu komai a ciki. Wannan hannun shi ne ya kamata a ce yana riƙe da gefen mayafin kakata. Na duba gaba, Turawa ne sun ɗaga kai suna kallon fitilun da ke lilo a rufi. Na duba baya, Turawa ne. Inna kuwa babu ita babu dalilinta.

Inna mahaifiyar babana ce, daga Rano ta zo mana a farkon wannan shekarar. Kafin zuwanta, in na taso makaranta a unguwarmu ta Tremont da ke Bronx, ni kaɗai nake buɗe ƙofa in zauna jiran dare, don Baba na kan hanya da tasi, Mama kuma na gidan wata tsohuwa da take jinya. Da Inna ta zo, tun daga matattakala nake jiyo ƙamshin daddawa. Ta mai da ƙarfen bayan tagarmu wurin shanya kuɓewa, ta koya mini carafke da murafen kwalba tunda tsakuwa ta yi wuya. Ranar Lahadi mu ja keken kaya zuwa shagon wanki, tana harara injin tana cewa wai juyi kawai yake yi, ba ya cuɗawa. In zafi ya tsananta yaran layi suka ɓalle famfon titi muka hau wasan ruwa, sai ta zauna a taga tana yi mini tsiya in na faɗi. "Ƙawata" take kira na, Hausata kuma cewa take yi ba ta nuna ba tukuna, a mai da ita wuta. Ban taɓa jin daɗin gida kamar a watannin nan ba, shi ya sa kullum nake cikin fargabar ranar da za ta ce za ta koma.

Baba ya so ya yi mata takardun zama, amma duk sanda ya ɗauko zancen sai ta ce, "Mu ga dai." Shi ne ya yanke cewa laifin Bronx ne, bango da hayaniya kawai ta gani. In ta ga lambuna da teku, zuciyarta za ta kwanta. Ya ajiye aiki, ya kama mana ɗaki a wani masauki a bakin ruwa, ya ja ni gefe ya ce, "Nafisa, ke ce bakinta, ke ce idonta. Kada ki sake ta."

Masaukin tsohon gida ne na katako, mai shi wata dattijuwar Baturiya ce da ta taro mu a ƙofa da kanta. Inna ta tuɓe takalmi, ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, har da ya gida ya iyali ya ƙoƙari, ina fassarawa ina gumi. Sannan ta kwance bakin zani ta miƙa mata ƙullin turaren wuta, don a wajenta ba a kwana gidan mutum hannu rabbana. Matar ta shinshina, ta rungume ta, ta kai mu bayan gida ta ba mu shayi a tsakanin furanni. Da safe Inna ta ce, "Ashe ƙasar nan akwai masu gida na ƙwarai." Na yi murna har na kasa cin burodina. Da Baba ya ce yau ma wani gida za mu, na ga ta sa wani ƙullin a jaka.

Wannan gidan kam ya fi ƙarfin a kira shi gida. Tun daga ƙofa lambu ne iya ganinka, shinge a aske sumul, ruwa na tsartuwa daga bakin kifin dutse, can ƙasa ga teku. Inna ta yi ta "Masha Allah". Amma da muka shiga ciki sai fuskarta ta canza. Ga tebur an jera faranti, ga kujeru, ga agogo na tafiya, an gitta igiya a bakin kowane ɗaki. Ta ja ni ta ce, "Ƙawata, haka za mu yi ta kutsawa ba sallama? Ina masu gidan?" Baba ya koma mota ɗauko mata ruwa, ni kuma na matsa in ji abin da mai yi mana jagora ke faɗa ko zan samo mata amsa. Juyowar da zan yi ke nan na ga wayam.

Na fita a guje. Shingen lambun ya fi ni tsawo, kowace kwana iri ɗaya da wadda na baro. Ina kiran "Inna!" iska na kwashe muryar. Na isa matattakalar da ta gangara zuwa ruwa, na leƙa ƙasa na ga igiyar teku na dukan duwatsu, na kasa sake leƙawa. Ba ta jin Turanci, ba ta da waya, ko sunan unguwarmu ba ta iya faɗa daidai ba. Da na yi karo da Baba, Hausar ma gaba ɗaya ta gudu, kuka kawai nake ina nuna gidan. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ja hannuna muka nufi wurin masu gadi.

Wani mai gadi ne ya yi ta magana a rediyonsa, can ya ce mu biyo shi. Muka tsallake igiya, muka hau wata siririyar matattakala zuwa saman bene inda ba a barin baƙi. Ga Inna zaune a ƙasa a ƙarshen baranda, takalmanta a gefe, ƙullin turare a cinya, wata ma'aikaciya ta tsuguna kusa da ita. Ba wanda ya ɗaga mata murya. Na faɗa jikinta, amma ba ni take kallo ba.

"Mai sunan Malam," ta ce wa Baba, don ba ta faɗin sunansa, "ɗaki ɗaki na bi ina sallama, ba wanda ya amsa. Ga gado a gyare. Ina mutanen suke?"

Baba ya ce sun daɗe da rasuwa, 'ya'yansu kuma sun watse garuruwa, shi ne aka bar gidan jama'a na zuwa kallo.

"Ko ɗaya bai zauna ba?"

"Ko ɗaya, Inna."

A hanyar dawowa Baba sai nuna mata jiragen ruwa yake yi, ita kuwa idonta na kan tafin hannunta. Sai da muka hau gada ta ce, "Ka nema mini jirgi. Kai kana nan, ƙannenka na Abuja, yanzu ni ma ina nan. Gidan babanku wa aka bar wa?" Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka har gida, tana shafa kitsona, amma ba ta janye maganar ba. Kafin a koma makaranta ta tafi.

Ta yi shekaru bayan nan, kuma duk sanda muka kira ta, da ƙyar nake jin muryarta saboda daka da kukan awaki da ihun jikokin da ta tattaro ta cika gidan da su. A ɗakinta ta cika, mutane a kanta. Yau ina da motata, in na ga dama zan iya zuwa duk wani lambu da ke bakin tekun nan, abokan aikina ma har hotunan aure suke zuwa ɗauka a can. Ni kam sai in ce musu ina da abin yi. Na san Inna ce ke da gaskiya, amma har yau ban huce da wannan gidan ba.