Faifan da Na Juya wa Marlys

Yau idan aka ambaci matata, Marlys Dubek, littattafanta na dodanni da matsafa ake tunawa, guda bakwai. Amma kafin su, shekara goma sha shida ta yi tana sharhin kiɗan rok a wata jaridar mako-mako a nan Akron. Makaɗa na tsoron alƙalaminta kamar me. Duk inda ake casu tana gaba, jikin lasifika, wai a nan ake jin gaskiyar mai jita. Ni kuwa ma'aikacin kamfanin taya ne, ban san komai a kiɗa ba sai dai in ji ya yi ƙara ko bai yi ba.

A shekarar 1981 kunnenta na hagu ya mutu, na dama ya bi sahu a hankali. Likita ya ce lasifikar ce ta cinye su. A mota ta riƙe hannuna.

"Orval, ko uwarka kada ta ji. Mai sharhin kiɗa kurma? Ai sai garin nan ya yi shekara yana dariya."

Daga nan na zama kunnenta. Ranar Asabar da hantsi zan ɗora sabon faifai, ita ta kafa tafin hannu a jikin lasifika, ni in juyo mata da fuskata don ta karanta bakina.

"Yaya muryarsa?"

"Kamar mai jan ƙofar gareji da ta yi tsatsa."

"Kai dai ba ka da tarbiyya. Ci gaba."

Ta iya sana'arta, shi ya sa muka yi wata goma sha huɗu ba wanda ya gane. Amma ba mu da kwanciyar hankali. Duk Alhamis da jarida za ta fito ba ta iya karyawa. Idan waya ta yi ƙara ni nake ɗauka, ita kuma ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon bakina, fuskarta fara fat.

Wata Asabar aka aiko da faifan wasu matasa 'yan garin Barberton, cikin farar takarda, ba hoto ba komai. Babba ne, irin wanda ake juyawa a hankali, a lamba talatin da uku, don haka a nan na bar maɓallin gudun faifai. Ashe waƙa ɗaya ce tak a kansa, kuma da sauri ake juya shi, a arba'in da biyar. Duk mai kunnen kiɗa zai gane a daƙiƙa biyu. Ni kuwa na zauna na ba ta labarin wani ƙaton namiji mai murya kamar daga rijiya, da ganga mai tafiya a hankali kamar ana rakiyar gawa. Har na ce tsikar jikina ta tashi, kuma da gaske ta tashi.

Marlys ta rubuta shafi guda cur. Ta ce ba a taɓa yin waƙa mai nauyi da baƙin ciki irin wannan a jihar Ohio ba.

Ranar Juma'a ina hanyar dawowa daga aiki na ji waƙar a rediyo. Wata yarinya ce mai siririyar murya take rera ta da gudu, waƙar rawa ce ta 'yan makaranta. Na faka a bakin titi. Da na shiga gida sai na ɗora faifan, na murɗa maɓallin zuwa arba'in da biyar, na ɗora tafinta a lasifika. Ta daɗe a haka.

"Na kashe ki, Marlys."

"Rufe mini baki. Ni na sa sunana a ƙasan rubutun."

Litinin editanta, Mista Hanrahan, ya kira ya ce ta zo ƙarfe goma. Na ce ta ce raha take yi, ko ta ce laifina ne. Ta harare ni. Na kai ta, na zauna a mota ina kallon tagar ofishinsa a hawa na biyu. Minti ashirin ta yi, ta fito ɗauke da kwali.

"Kin gaya masa?"

"Duka. Kunnen, da kai, da wata goma sha huɗun."

"Ya kore ki?"

Ta ajiye kwalin a cinyarta.

"Ya tashi ya je taga, ya ba ni baya, ya yi ta magana, ba na ganin bakinsa. Na ga kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo idonsa ya yi ja, yana jiran amsa. Sai na ce na gode, na kwashe kayana."

"To me ya ce? Bari in hau in tambaye shi."

"Kada ka kuskura. Tayar da motar."

A wannan makon ta fara littafinta na farko a teburin kicin. Hanrahan ya kira sau uku, ta hana ni ɗauka. Ya rasu bayan shekara shida, kuma har yau daga ni har ita ba wanda ya san ko korarta ya yi ranar nan, ko roƙonta yake ta zauna.